A Rediyo Sakataren Ilimi Ke Jin Labarin Aikinsa



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata hira ce da aka yi a majalisarmu ta Sarkin Dawaki bayan La'asar. Muna da wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta, wanda ya taɓa riƙe kujerar sakataren ilimi a wata ƙaramar hukuma da ba sai na kira sunanta ba. Ana cikin maganar sabuwar manhajar karatu sai ya yi murmushi, ya ce a duk shekarun da ya yi a kan kujerar nan, babu wani babban labari da ya shafi aikinsa da ya fara ji daga ofis. A rediyo yake ji, tare da mai shayi da ɗan acaɓa. Kashegari hedimastoci su cika masa ofis suna tambayar yadda za a yi, shi kuwa ya ce su jira takarda. Takarda ta zo bayan mako uku. Kuɗin aikin kuwa, ya ce har ya yi ritaya yana jiran wasu. Mutane suka yi dariya, ni dai wallahi ban ga abin dariya ba, domin 'ya'yana makarantar gwamnati suke zuwa.

Ni baƙo ne a Taraba, neman abinci ya kawo ni daga ƙasar Katsina, kuma an ce baƙo raɓa ne. To amma raɓar nan ta daɗe, har ta haifi 'ya'ya a nan, saboda haka a yi mini afuwa idan na sa baki.

Mai karatu, wane ne ma sakataren ilimin? Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta yi wa ilimin firamare da ƙaramar sakandare hawa uku. A Abuja akwai hukumar UBEC, wadda doka ta ce a ware mata abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba. A kowace jiha akwai SUBEB. A kowace ƙaramar hukuma kuma akwai hukumar ilimi ta yankin, wadda sakataren ilimi ke shugabanta, shi ne wanda malamai ke ce wa ES. A Taraba ƙananan hukumomi 16 ne, a ƙasa baki ɗaya 774. Shi ne ya kamata ya san wane aji ne rufinsa ya yaye, wane malami ne bai zuwa aiki, wace makaranta ce ke da ɗalibai ɗari huɗu da malamai uku. Duk abin da aka faɗa a Abuja ko a gidan gwamnati, idan bai bi ta hannun mutumin nan ba, to ba zai kai ga allo da alli ba. Amma fa shi ne na ƙarshen ji, kuma ba a taɓa tambayarsa kafin a yanke.

Ga misali wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A ƙarshen watan Nuwamba na 2022, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya fito daga taron majalisar zartarwa ya ce an amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa tun daga aji ɗaya har zuwa aji shida na firamare. Mu da muke son harshenmu muka yi murna, ni kaina na yi. To amma a zo nan Jalingo a shiga aji guda. Ga ɗan Mumuye, ga ɗan Kona, ga Bafulatani, ga Bahaushe, ga ɗan Tibi, ga ɗan Wurkun, ga ɗan Ibo da ubansa ke da shago a kasuwa, duk a benci biyu. Wane ne harshen uwa a cikinsu? An ce harshen da ya fi rinjaye a yankin. Madalla, a Sarkin Dawaki Hausa ke nan, amma je ka Kona ka faɗi haka ka ji amsar da za a ba ka. Jihar da ke da ƙabilu da harsuna barkatai irin Taraba, wace ce ta fi ta cancantar a zauna da masu kula da makarantunta a tambaye su? Ina littattafan lissafi da Mumuyanci? Ina malaman da aka horar su koyar da kimiyya da Fulatanci? Ministan da kansa ya amsa a ranar cewa sai an tanadi kayan aiki da malamai kafin abin ya kankama. Shekara uku cur aka yi ana jiran tanadin.

Sai ga watan Nuwamba na 2025, Minista Tunji Alausa ya tsaya a wani taro a Abuja ya ce an soke manufar, Turanci ne harshen koyarwa daga firamare har jami'a, yana mai cewa yaran wuraren da suka rungumi harshen uwa sun fi faɗuwa jarrabawa. Ikon Allah! Manufar da ba ta shiga yawancin azuzuwa ba, ita ce aka kama da laifin kayar da yara. Ba ina nan don in kare wannan ministan ko wancan ba. Abin da nake cewa shi ne, an ɗaura auren babu sakataren ilimi, an kuma yi sakin babu shi, alhali a ɗakinsa aka ce amarya za ta tare. Da an tara su 774 ɗin nan, ko da shiyya-shiyya ne, an ce kowa ya kawo jerin harsunan makarantunsa da yawan malaman da ke iya karatu da rubutu da su, da tun a 2022 an san inda abin zai yiwu, kamar Kano da Katsina da Sakkwato, da kuma inda sai an bi a hankali. Da ba a yi wa ƙasa duka kuɗin goro ba, a ɗaura ko a kwance.

Haka aka yi da sabuwar manhaja. Ana dab da komawa hutu a 2025 aka sanar cewa an rage yawan darussa, an dawo da tarihin Nijeriya, an kuma kawo sana'o'i irin su haɗa sola da gyaran waya da ɗinki da kiwo, wai a fara a zangon da ke tafe. Abu mai kyau a takarda. Amma malamin da zai koyar da haɗa sola a makarantar da ba ta taɓa ganin ƙwan lantarki ba, daga sama zai faɗo?

Kada a ce na tsallake gida. A 2023, bayan hawansa mulki da 'yan makonni, Gwamna Agbu Kefas ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, ya ce karatun firamare da sakandare kyauta ne a makarantun gwamnatin Taraba. Wannan na yaba, kuma har gobe ina yabawa, domin na ga yaran da da talla suke yi sun rataya jaka. Sai dai akwai abin da mai sanarwa ba ya gani daga kan mumbari. 'Yan kuɗaɗen da iyaye ke bayarwa a da, komai haramcinsu, da su hedimasta ke sayen alli da rajista da tsintsiya, da su ake gyara ƙofar da ta karye. (Na ce haramci domin dokar 2004 ta tanadi tarar da za ta iya kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta.) Idan an toshe wannan ƙofa, dole a buɗe wata, a kuma buɗe ta a kan kari, kowane zango. Yara sun ƙaru, manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, to wa zai ƙirga ya ce ga inda aka wuce ƙa'ida? Sakataren ilimi. Wa zai tura malami can? A nan ne za ka ji an ce sai an ji daga sama.

Kuma Taraba ba ƙaramar ƙasa ba ce. Daga Jalingo zuwa Gembu a kan tsaunin Mambila kusan wuni guda ne a mota. Mai zuwa Karim Lamido ta Lau sai ya tsallake kogin Binuwai. Wanda ke zaune a ofis a Jalingo, komai kyawun niyyarsa, ba zai san halin da makarantar wani ƙauye a Kurmi ke ciki da damina ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai ga 'yancin ƙananan hukumomi nan ya zo, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, saboda haka matsala ta ƙare. Sannu! Wanda ya faɗi haka yaro ne, ko kuma mantuwa ta kama shi. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kula da firamare ta ƙasa, malamai suka fara ganin albashi a kan lokaci. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa wa shugabannin ƙananan hukumomi makarantun da kuɗinsu. Tambayi duk malamin da ya yi aiki a wancan lokaci: watanni ake yi babu albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, har mai gidan haya ba ya son ya ji ka ce kai malamin firamare ne. Sai da aka dawo da hukumar a 1993. Ba ma sai an je nesa ba, a 2025 malaman firamare na Abuja, inda shugabannin yankuna ke biyan albashi, sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A Abuja fa, a gaban idon kowa. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa a cire albashinsu tun daga tushe kafin kuɗi ya shiga hannun ciyaman, kuma a wannan ina tare da su. Ɗauke sakataren ilimi daga aljihun gwamna a sa shi a aljihun ciyaman, an gudu ne ba a tsira ba.

A Amurka akwai gundumomin makarantu kimanin 13,000. Akasari jama'ar yanki ke zaɓar 'yan hukumar, su kuma su ɗauki shugaba da yarjejeniya, su ba shi kasafi a hannu, idan ya gaza su sallame shi. Tsarin yana da nasa ciwon, domin kaso mai yawa na kuɗin daga harajin gidaje yake fitowa, unguwar masu kuɗi ta fi ta talakawa samu. Ban ce mu kwafo ba. Abu ɗaya kawai na ɗauka: wanda aka ɗora wa alhaki an ba shi wuƙa da nama, kuma iyayen yara sun san sunansa da fuskarsa. Mai karatu, tsakaninka da Allah, ka san sunan sakataren ilimin ƙaramar hukumarka?

To, ku kuma ranku ya daɗe sakatarori, kada ku ɗauka na zo wanke ku ne. Da yawanku siyasa ce ta kawo ku, kun sani mun sani, shi ya sa bakinku ya mutu. Wanda ya san alfarma ce ta ɗora shi, ba zai iya rubuta wa shugaban SUBEB cewa umarnin nan ba zai yiwu a makarantuna ba. Malaman bogi da ake ta tantancewa a jihohin ƙasar nan shekara da shekaru, ta wane ofis sunayensu ke wucewa? Malamar da mijinta babba ne, aka bar ta a makarantar cikin gari inda malamai suka yi wa aji yawa, alhali ta ƙauye tana da hedimasta da mataimakinsa kawai, wa ya sa hannu? Kuna kukan ba a ba ku labari daga sama, ku wane labari kuke ba mu a ƙasa? Babu kuɗin da ake buƙata kafin a rubuta a farar takarda cewa makarantar nan tana da ɗalibai kaza, malamai kaza, ga sunayensu, an turo mata naira kaza a wannan zango, a liƙa a bangon ofishin hedimasta. Ƙusa huɗu ce. Ranar da aka yi haka, kwamitin SBMC da aka kafa a makarantu zai sami abin tattaunawa, malamin bogi kuma zai rasa inda zai ɓoye, tunda mai unguwa ya san kowa.

Abin da nake roƙon Majalisar Dokokin Taraba shi ne ta duba dokar SUBEB, a mayar da kujerar nan ta cancanta: a yi talla, a yi jarrabawa da ganawa, a ɗauko daga cikin ƙwararrun malamai masu rajista da TRCN, a ba shi wa'adin da ciyaman ko ɗan majalisa ba zai iya yankewa don fushi ba. A ba shi kuɗin gudanarwa da man babur na masu duba makarantu, a bayyana adadin kowa ya ji. Kafin gwamna ko kwamishina ya hau rediyo da wata sabuwar sanarwa, a kira mutum 16 ɗin nan ɗaki guda a tambaye su. Mutum 16 fa, ko bas ɗaya ba su cika ba.

Ni dai ranar Litinin in Allah ya kai mu zan raka ƙaramin ɗana makaranta, in gaida hedimasta, in roƙe shi ya faɗa mini yara nawa ne a rajistar ajin yaron da kuma malamai nawa aka turo masa bana. Dattijon majalisarmu ya ce zai raka ni, wai shi ma yana so ya ga ko har yanzu ana kiran suna da safe.