Ciki A Wajen Mahaifa: Matan Kudancin Kano Na Buƙatar Awo Tun Ɓatan Wata

A cikin kowane juna biyu 100, ɗaya zuwa biyu ba ya zama a cikin mahaifa. Mafi yawan irin wannan cikin, sama da kashi 90 cikin 100, yana maƙalewa ne a siririn bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Bututun ba zai iya ɗaukarsa ba. Galibi tsakanin mako na 6 zuwa na 10 yake fara nuna alama, idan kuwa ya fashe, jini zai riƙa zuba a cikin cikin mace ba tare da an gan shi a waje ba, kuma tana iya rasa ranta cikin sa'o'i.

Likitoci sun san matan da suka fi shiga haɗari: wadda ta taɓa yin irin wannan cikin, wadda aka yi wa tiyata a bututun, wadda ciwon sanyi ya daɗe yana cinta ba a magance shi ba, wadda ta ɗauki ciki da robar tazarar haihuwa a mahaifarta, da wadda ta haura shekara 35. Sai dai kusan rabin matan da abin ke samu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ke nan tambayar tarihin mace kaɗai ba ta isa ba.

Abin da ke tabbatarwa shi ne gwaji. Gwajin fitsari ya nuna akwai ciki, sikanin ya nuna inda yake. Idan sikanin bai nuna komai ba, akan auna sinadarin ciki a jini sau biyu, da tazarar awa 48, a ga yadda yake hawa. Idan an gano da wuri, wasu matan allurar Methotrexate ke warkar da su ba tare da an yi musu aiki ba. Idan an makara, sai tiyatar gaggawa da ƙarin jini.

A nan ne damuwarmu take game da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Matar da ta yanke jiki ta faɗi a wani ƙauye kusa da Riruwai, sai ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora, kafin ta kai Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tafiya ce ta sa'o'i, jini kuma ba ya jira.

Ga kuma al'ada. Mata da yawa kan ɓoye ƙaramin ciki saboda kunya ko tsoron baki, ba sa zuwa awo sai ciki ya fito. Alhali tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a je awo sau takwas, na farko cikin makonni 12 na farko. Wannan lokacin da ake ɓoyewa shi ne lokacin haɗarin. Ciwon mara a ɗauka na al'ada ne, ɗigon jini a ce ɓari ne, a sha jiƙo ko a sayo ƙwaya a kemis.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da hukumominta masu kula da asibitoci su yi abu uku. Na farko, duk macen da ke cikin shekarun haihuwa da ta zo ƙaramin asibiti da ciwon mara ko zubar jini, a yi mata gwajin ciki kafin a ba ta kowane magani. Tsinken gwajin ba shi da tsada. Na biyu, a tabbatar manyan asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi suna da na'urar sikanin mai aiki, da wanda ya iya ta, da wutar sola. Na uku, a tanadi ma'ajiyar jini da likitan da zai iya tiyata cikin dare, da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tanki. 'Yan majalisar tarayya masu wakiltar Kiru da Bebeji, da Tudun Wada da Doguwa, suna iya sa wannan cikin ayyukan mazaɓunsu.

Magidanta ma da nasu. Idan maiɗakinka ta yi ɓatan wata, sannan ta ji ciwo a gefe ɗaya na mara, ko ɗigon jini, ko ciwo a saman kafaɗa, ko jiri da suma, kada a jira gari ya waye. A kai ta asibitin da ake tiyata, a kuma tafi da 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. Ungozomomi da limamai su taya isar da wannan saƙon a gidajen suna da masallatai.

Irin wannan cikin ba ya rayuwa, amma uwar tana iya tsira, kuma da bututu ɗaya mai lafiya mata da dama sun sake haihuwa.