Gobarar Upper Iweka: Maigida, Ina Naka Alhakin?

Jama'a mazauna Anacha da Inugu da Fatakwal, yau da masu shaguna da rumbunan kaya muke magana. Ran 31 ga Mayu 2015 wata tankar fetur ta ƙwace a Upper Iweka ta afka cikin tashar mota, mutum fiye da 60 suka halaka. Ran 16 ga Oktoba 2019 wata ta sake faɗuwa a wurin, man ya bi lambatu, wuta ta bi man har kasuwar Ochanja. 'Yan kwana-kwana ba su iso kan kari ba, sai da gudummawa ta zo daga Asaba.

An zargi gwamnati, kuma ta cancanci zargin. Amma fa kai maigida, wa ya ajiye jarkar fetur gefen janareta? Wa ya ja waya ɗaya ya raba wa rumfuna goma? Wa ke kulle yaransa 'yan ci-rani cikin shago da dare, ƙofa ɗaya tak, makulli kuwa yana aljihunsa? In wuta ta tashi ka ce ƙaddara ce. Haba!

Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta tanadin kayan kashe wuta da hanyar fita. Ran yaron shago bai fi na leburan masana'anta araha ba. Zagaya rumbunka ka duba abin da zai iya kamawa, ka nisanta shi da wuta, ka ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi, ka nuna wa yara ta inda za su fita. Wanda ya ƙi, shugabannin kasuwa su hana shi rumfa.