Ciwon Damuwa Ba Rashin Bangaskiya Ba Ne

'Yan'uwa cikin Almasihu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, kuma ciwon damuwa na cikin manyan dalilai. A ikkilisiyoyinmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ba mu cika ɗaga wannan magana ba. In ɗan'uwa ya daina zuwa sujada, ya bar gona, sai mu ce ya ja da baya, ko aljanu ne. Sau da yawa ciwo ne.

Likitoci sun nuna cewa jiki yana da hannu a ciki. Ciwon yakan bi jini, don haka gidan da aka taɓa yi sai a ƙara lura. Rashin barci na makonni, doguwar jinya da sauyin jikin mace bayan haihuwa duk suna ƙara haɗari. Burukutu da tiramol kuwa suna cire wa mutum birki.

Zuciya ma tana da nata. Mafi muni shi ne yanke ƙauna, da mutum ya ga ya zama kaya ga iyalinsa, ko kunyar bashin taki ta rufe shi. Wanda ya taɓa gwadawa ya fi kowa shiga haɗari.

A 1 Sarakuna 19, Annabi Iliya ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi, sannan ya yi magana da shi.

Saboda haka, dattawa da zumuntar mata, in kun ji wani yana cewa gara ya mutu, ku tambaye shi kai tsaye. Tambaya ba ta sa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai. Mu manoma ne, maganin ƙwari na nan a kusan kowane gida: a kulle shi, wani ya riƙe mabuɗin. Sannan a kai shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko na ƙwaƙwalwa da ke Dawanau. Ciwon yana jin magani.

Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Ubangiji ya ba mu kunnen jin kukan juna. Amin.