Labari Dabam, Tatsuniya Dabam

A makarantun ƙauyukan Ɗambatta da Bichi malami yakan ce wa yara ma'anar "story" ita ce labari, ya wuce. Mu dai a ganinmu wannan fassara ta gaza.

Bature ya zuba abubuwa da yawa cikin kalma guda. Abin da ya auku jiya a kasuwa story ne, rikicin Gizo da Ƙoƙi story ne, har hanzarin wanda ake bi bashi. Asalinta ma ɗaya da "history", wato tarihi. Bahaushe kuwa ya rarrabe. Tatsuniya sai da dare, bayan an ci tuwo, da an ce ƙurunƙus yaro ya san ba a yi ba. Labari kuwa akan tambayi mai shi, a bakin wa ya ji.

Ga abin da ke damunmu. Manomi zai taka har ofis ya ce tsutsa ta cinye masa gero, sai ma'aikaci ya dubi abokinsa ya ce "story". Tatsuniya yake nufi, alhali bawan Allah labari ya kawo, gonar kuwa tana nan ga mai son ya je ya gani.