An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kan Sautin Waƙoƙinmu a Kwamfuta



Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, makon jiya wani maƙwabcina a nan Agege ya shigo mini da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ransa a ɓace. Wai ya kunna wa yaransa waƙar Alhaji Mamman Shata don su ji abin da iyayensu suka tashi da shi, sai babban ɗan, wanda a nan Legas aka haife shi, ya ce, "Baba, wannan ai kamar ana buga gwangwani ne." Da ya kai kuka kasuwa, wani mai shago ya ce masa na'urar sautin da ke cikin kwamfutar ce ba ta da kyau, ya sayar masa da wata 'yar ƙarama ta cusawa a kafar USB. Ya dawo gida ya gwada, gwangwanin yana nan.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, an bar jaki ana dukan taiki. Bari in yi bayani.

Ita kwamfuta a matsayin lambobi take ajiye waƙa. Aikin 'yar na'urar sautin da ke manne a cikinta shi ne ta mayar da lambobin nan zuwa wutar da za ta motsa sifika. A da can wannan na'ura tana da rauni, musamman zamanin tsarin AC'97 da kamfanin Intel ya fitar a 1997. Amma a 2004 kamfanin ya maye gurbinsa da tsarin High Definition Audio, kuma galibin kwamfutocin da ke hannunmu, har da na gwanjo, a kansa aka gina su, da yawansu da na'urar kamfanin Realtek na ƙasar Taiwan. Faifan CD yana ɗaukar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wannan tsari kuwa yana iya ɗaukar fiye da ninkin haka sau huɗu. Ka ga ke nan waƙar Shata ba ta fi ƙarfinta ba.

To ina gizo yake saƙar? A wurare uku.

Na farko, sifikar kwamfutar. Wani lokaci faɗinta bai kai murfin kwalba ba. Ita kuwa ƙara mai kauri, irin gurnanin kalangu idan makaɗi ya saki tsarkiya, sai an tura iska da yawa take fitowa, ƙaramar sifika kuma ba za ta iya ba. Da na jona kwamfutar maƙwabcin nan da tsohuwar rediyona mai manyan sifiku, nan take kiɗan ya yi jiki.

Na biyu, wutar lantarki. Idan kana jin tsuwa ko gunji a ƙarƙashin waƙa, cire caja ka bar kwamfutar a kan batir. In ƙarar ta ɗauke, to matsalar daga caja ce ko daga wutar, musamman in ta janareto ce. Caja mai arha takan jawo wannan. Araha dai ba ta ado.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna, ita kanta waƙar da muke ajiyewa. Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991. Yawancin abin da muke da shi nasu daga kaset ya fito, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne. Daga nan wani ya mayar da shi MP3, tsarin da ke zubar da wani ɓangare na sauti don fayil ya ƙanƙance: minti ɗaya na CD yana cin kusan megabait 10, na MP3 irin wanda aka saba kuwa kusan megabait 1. Sai wani ya sake matse shi don ya shiga memori, wani ma ya kanga wayarsa a bakin sifika ya naɗa ya tura wa jama'a. Abin da aka zubar ba ya dawowa, ko da na'urar miliyan ka saya.

Na san wani zai ce ai shi ya sayi na'urar waje kuma ya ji bambanci. Ban musa ba. Akwai manyan iyafis masu rufe kunne da ke buƙatar ƙarfin da kwamfuta ba ta bayarwa, akwai kuma kwamfutar da kafar iyafis ɗinta ta lalace. Waɗannan suna da uzuri. Amma irin 'yan ƙananan da ake zubawa a faranti bakin titi, sau da yawa na cikin kwamfutarka ya fi su.

Inda nake ganin na'urar waje ta cancanci kuɗinta shi ne wajen naɗa. Kafar da ke jikin kwamfutocin yanzu don makirfo aka yi ta, ba ta dace da ɗaukar sauti daga rediyo mai kaset ba. Don haka shawarata ga ƙungiyoyinmu na Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan ita ce, a haɗa kuɗi a sayi na'urar naɗa guda mai kyau. A bi dattawa a karɓo kaset-kaset ɗin da ke jibge a akwatunansu kafin laimar Kurmi ta cinye su, a kwafe da manhajar Audacity wadda kyauta ce, a ajiye a tsarin WAV ko FLAC da ba sa zubar da komai. Wa'azozin malamanmu da karatun tafsiri ma haka.

Yaranmu da aka haifa a nan ba su taɓa zama a filin da Shata yake waƙa ba, ba su ga Ɗan Maraya Jos riƙe da kuntiginsa ba. Abin da muka kunna musu, shi ne Hausar da za su sani. In muka ba su gwangwani, kada mu ga laifinsu in sun juya baya.

Allah ya ba mu abin da muka fito nema, ya mayar da mu gida lafiya. Wassalam.