Ba Damina Kaɗai Ke Kayar Da Mai Mashin Ba

Maƙalar wannan makon a kan tayar mashin take. Na san wani zai ce me ya haɗa marubuci da taya, to amma duk wanda ke zaune tsakanin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ya san mashin ne ƙafarmu. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai ɗalibi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, shi ke kai buhu kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Duk nauyin nan kuwa, abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan kabu-kabu da samarinmu masu hawan manyan mashinan gudu. Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, sai ka ji mutum ya dubi tayarsa da ta suɗe ya ce, "Ai rani ne, za ta kai ni damina." Wani ma har hujja yake kawowa, wai ai masu tseren mashin a Turai da taya marar zane suke gudu. Ra'ayina shi ne wannan lissafin kuskure ne, kuma a yankinmu farkon rani ne lokacin da ya fi dacewa mutum ya duba tayarsa da idon basira.

Mu fara da hujjar 'yan tsere. Gaskiya ne a gasar MotoGP, idan babu ruwan sama, da taya sumul ake gudu. Sai dai wannan tayar tun daga masana'anta haka aka yi ta, da roba mai laushi da kauri. Kafin a ɗaura ta sai an lulluɓe ta da bargon lantarki ta ɗauki zafi, a yi gudun kilomita ɗari da 'yan kai a kan kwalta shararriya wadda ko tsakuwa babu, sannan a cire ta a ajiye. Tayar da ta suɗe a ƙarƙashin Boxer kuwa, robar da ke riƙe hanya ce ta ƙare, saura ɓawo. Kamanninsu ne kawai ya zo ɗaya, kama da wane kuwa ba ta wane.

Sannan bushewar hanyarsu daban, tamu daban. Ranin Zamfara ta Arewa yana zuwa da ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan kwalta, da rairayin da iska ke tarawa a kan kwana, da tsakuwar da ke fita daga ramuka, da ƙayar da ke zube a hanyoyin ƙauye. Wanda ya sauka daga kwalta zai tsallaka yashin gulbin Gagare ya san abin da nake nufi. Rairayi a kan kwalta yana zamar da taya kamar yadda ruwa ke yi, kuma zanen taya ne ke samun abin kamawa a cikinsa. Idan zanen ya tafi, ka taka birki a kwana, sai dai wani ya ba ka labarin yadda aka yi.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin rana kan kai digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Ka ɗora mutum biyu da buhun gero, ka kama hanyar Ƙaura zuwa Moriki da tsakar rana, tayar tana lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, zafi yana taruwa a cikinta. Idan iskarta ta yi ƙasa, ko robarta ta tsufa ta tsattsage, a nan ne take fashewa. Tsohuwar taya ta fi mutuwa a bazara.

Akwai kuma abin da ya sa maganar ta fi nauyi a wurinmu. A wani gari faci ɓacin lokaci ne kawai. A hanyar Zurmi zuwa Gurbin Ɓore ko ta Ƙaura zuwa Shinkafi, kowa ya san akwai wuraren da ba a son tsayawa ko na minti biyar, balle a tura mashin da la'asar sakaliya. Halin tsaron da ya sa gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako ta kuma taƙaita zirga-zirgar mashina a shekarar 2021 bai bar kowa cikin duhu ba. A irin wannan hanya, lafiyayyar taya tana cikin kayan tsaron kai.

To me mai saye zai duba? Duk bayanin yana rubuce a gefen tayar. Na farko shekarunta: akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗin a guji tayar da ta haura shekara huɗu. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, musamman wadda aka jera a rana a gaban shago. Na biyu girma: idan mashin ɗinka 3.00-17 yake ɗauka a baya, kada ka cusa masa mai faɗi don ado, domin tana sauya yadda yake shan kwana. Na uku nauyi da gudu: lamba 50 na nufin tayar za ta ɗauki kilo 190, harafin P kuma na nufin iyakarta kilomita 150 a awa. Na huɗu, a cikin zanen akwai 'yan tudu ƙanana. Ranar da saman tayar ya yi daidai da su, aikinta ya ƙare. Akwai kuma kibiya da ke nuna inda za ta riƙa juyawa, ka tsaya a kan mai faci ka ga ya bi ta.

Ga masu manyan mashinan gudu, waɗanda kan ɗauki 120/70 a gaba da 180/55 a baya, shawarata su bar tayar filin tsere ga masu filin. Hanyar Gusau zuwa Ƙaura doguwa ce, mafi yawanta a miƙe, don haka tsakiyar taya ce ke shan wahala. Mai laushin nan za ta baje a tsakiya tun gefenta na sabo. Wadda aka yi don doguwar tafiya, mai tauri a tsakiya da laushi a gefe, kuma mai isasshen zane, ita ta dace da mu. A sayi ta gaba da ta baya iri ɗaya, a kuma bi sabuwar taya a hankali a kwanakin farko, domin tana da santsi.

Iska kuwa da safe ake gwada ta, kafin a hau. Idan taya ta yi zafi iskarta kan ƙaru, kada a rage. Wanda ya sassauta iska don ratsa yashi, ya mayar da ita da ya hau kwalta.

Na san amsar da za a ba ni: kuɗi. Maganar gaskiya ce. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, tayoyin da ke kasuwanninmu akasari daga waje ake kawo su, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi. Ɗan kabu-kabun da zai kai balas da yamma, ya sayi mai, ya kai cefane, ba za a zarge shi ba don ya kalli 'yar gwanjo. Sai dai a yi lissafin har ƙarshe. 'Yar gwanjo wani ne ya ga ta gaza ya cire, ba ka san ramin da ta faɗa ba. Haɗa kuɗin faci sau uku, da tif, da yinin da aka rasa, ka ga ko arahar ta yi ado. Karaya ɗaya kuwa tana zaunar da magidanci wata biyu ko fiye. Idan kuɗin taya ɗaya ne a hannu, a sauya wadda ta fi lalacewa, kuma kada a raina ta gaba, domin idan ta baya ta zame akan iya tarowa, ta gaba kuwa ba ta ba da wannan damar. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da ke karɓar kuɗin tikiti kullum za su iya buɗe adashen taya, su kuma hana mai suɗaɗɗiyar taya ɗaukar fasinja a tasharsu.

Mu fasinjoji ma muna da haƙƙi a kan kanmu. Muna tsayawa mu yi ciniki a kan naira ɗari, ba ma sunkuyawa mu dubi abin da zai ɗauke mu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba yankinmu zaman lafiya. Masu sana'ar mashin da masu faci da ke cikin zauren nan, ina sauraron gyara da ƙarin bayaninku.