Itacen Magani: Sirrin Yana Ga Sani, Ba Ga Iska Ba

Jama'a, manoma da 'yan kasuwa da malaman ofis, yau filin namu zai ɗan ajiye zancen taki da iri, ya juya ga itatuwa da ciyayin da ke gefen gona, waɗanda muke wucewa kullum ba mu ko dubansu. Duk wanda ya zaga Kasuwar Barci a Tudun Wada, ko ya je Kawo ran Talata, lalle zai ga tabarmi cike da sassaƙe da saiwoyi da garin ganye, mutane suna ta saye. Amma ka tsai da mai saye ka tambaye shi sunan itacen da ya saya, ko kamanninsa a daji, sai ka ga ya yi zuru.

Tun kaka da kakanni akwai masu cewa wai ƙarfin magani yana ga iskar da ke zaune a itacen. 'Yan bori sukan ce kuka da tsamiya gidan aljannu ne, wani boka kuwa ba ya ɗibar saiwa sai ya yi surkulle. Mu dai abin da malamanmu suka koya mana shi ne, Allah ne Ya halicci cuta, Shi ne Ya halicci magani, Shi ne kuma Mai warkarwa. Itace halitta ne kamarka. In za ka zauna gindinsa ka yi tunani, madalla, amma tunanin ya zama na hikimar Wanda Ya sa ɗaci a maɗaci, Ya sa tsami a tsamiya, sa'an nan ka nemi sanin amfanin kowanne.

Ku dubi abin da sani ya jawo a waɗansu ƙasashe. Kwinin, wanda iyayenmu suka sha don zazzaɓin sauro, daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu yake, a 1820 masana a Faransa suka tace shi. Maganin zazzaɓin da ake bayarwa yanzu a asibiti kuwa, asalinsa wata ciyawa ce dangin tazargade, wadda mutanen Sin suka tace a 1972, har aka ba shugabarsu Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. A nan Nijeriya ma, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta haɗa Niprisan don masu amosanin jini, cikin kayan haɗinsa har da masoro da kanumfari da karan dafi, watau dawar nan da ake rina fata da ita. Waɗannan mutane ba su kira aljani ba. Awo suka yi, suka gwada, suka rubuta.

Har wa yau, wani likita Bature, Dalziel, ya bi ƙasar nan yana tambayar tsofaffi, ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa a 1916. Hano ma, da muke sassaƙa, sunansa aka laƙa masa a harshen masana. To, ashe ba abin kunya ba ne baƙo ya rubuta abin da ɗan gida ya manta?

Manomi ya fi kowa damar wannan sani, domin shi ke tare da itatuwan rani da damina. Ya kamata ya san sabara da marke da kalgo da maɗaci da zogale, ya kuma san waɗanda ba a wasa da su. Zaƙami yana juya hankali. Ƙwayar bini-da-zugu tana sa amai da gudawa mai tsanani, yara kuwa sukan ɗauka gyaɗa ce. Nonon tumfafiya in ya shiga ido yana yi masa lahani. Ɓawon gwaska guba ne. Duk waɗannan a gona ɗaya suke tsira da na kirki.

Bayan sanin itace, sai sanin jikinka. Ka lura da kanka kamar yadda kake lura da shuka. Yaushe ciwon ya fara? Me ka ci? Me ka sha, kuma nawa? Yau da sauƙi ko kuwa ya ƙaru? Sha iri ɗaya, kada ka gwamutsa bakwai a tukunya, domin in abu ya ɓaci ba za ka san mai laifi ba. Kada ka sayi ruwan kwalba wanda mai sayarwa ya ƙi faɗin abin da ke ciki, ko wanda aka ce wai yana maganin cuta arba'in. Mace mai ciki da jariri kuwa, a yi hattara da su ƙwarai. Zazzaɓin yaro ba ya jira, a kai shi a gwada jininsa tun ran farko. In kun je asibiti, ko Barau Dikko ko na unguwa, ku gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha, don kada magani biyu su yi karo a jiki.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi shafar wannan fili. Itatuwan nan ƙarewa suke yi. Masu gawayi suna sarewa, gine-gine suna cin gonakin bakin gari, masu sassaƙe kuma suna zagaye itace su feɗe shi kaf. Ku sani fa, abincin da ganye ke yi ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, saboda haka itacen da aka zagaye ya mutu ke nan, ko da ya ɗan jima da ganyensa. In za ka ɗiba, ɗiba a gefe ɗaya, a tsaye, kada ya wuce faɗin tafin hannu, ka bar shi ya warke kafin ka koma. In ganye zai biya bukata, ƙyale saiwa. In kana sharar gona ka tarar da ɗan marke ko maɗaci ya toho, bar shi. Da ruwa ya sauka, ka kafa reshen zogale a jikin danga, ka nuna wa 'ya'yanka kowane itace da sunansa.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma sai an bar amya a kan itace tukuna. Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.